Malam Arzika da Farantan Bangon Inna

Malam Arzika magini bai san zama ba. Da an sallame sallar asuba, kafin jama'a su gama gaisawa, shi ya riga ya zura takalmi. Koko ma a tsaye yake sha, idonsa na kan bangon gidan da ke kallonsa yana neman tsaga. Daga nan sai ya ɗaure buhun kayan aiki a bayan tsohon babur, yau Gusau, gobe Tsafe, jibi Bunguɗu. Matarsa ta ce a shekara arba'in na aurensu ba ta taɓa ganin ya jira tuwo ya huce ba. To, wannan mutumin ne likita ya hana hawan tsani a watan jiya saboda ciwon gwiwa. Tun ranar yake zagaye tsakar gidansa yana ƙwanƙwasa bango, har jikoki sun fara yi masa dariya.

Daga Rawayya ya shigo Gusau yana saurayi, kuma a zamaninsa babu wanda ya kama ƙafarsa wajen adon ɗaki. Shi ne mai zanen bango mai tudu, shi ne mai alkuki na ajiye fitila, shi ne mai gadon siminti. Abin da ya fi fito da sunansa kuwa shi ne dasa farantan amarya a jikin bango, layi bisa layi, har ɗaki ya riƙa walƙiya. Sai zamani ya juya. Masu sayen gida yanzu bango suke so sumul, da tayil, da taga babba, da bayi a cikin ɗaki. Gidan da aka yi alfahari da shi jiya, yau sai mai saye ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce zai yi shawara. Kowa ya san wannan shawarar ba ta ƙarewa.

Tsofaffin magina da yawa fushi suka yi, suka koma gindin bishiya suna zagin yaran zamani. Malam Arzika bai da lokacin wannan zaman. Sai ya zama mutumin da dillalai ke nema idan gida ya ƙi sayuwa. Zakari dillali na Tsafe ya shaida cewa wani gida ya shekara ɗaya da rabi a hannunsa, masu shi har sun shirya ƙara masa ado. Malam Arzika ya zo, ya zagaya sau ɗaya, ya ce, "Kar ku ƙara komi. Ragewa za a yi." Ya fasa gadon siminti, ya faɗaɗa taga, ya shafa farin fenti. Sati uku aka saye gidan.

Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na gidan marigayi Alhaji Shu'aibu, tsohon ma'aikacin gwamnati a Gusau. Ya rasu, uwargidansa ta bi shi bayan shekara, gida ya faɗa hannun 'ya'yansu biyu, Lawwali da ƙanwarsa Fatimatu. Ba wanda zai zauna a ciki, don haka sai dai a sayar a raba. Gidan yana wuri mai kyau, gininsa da ƙwari, matsalar duk tana ɗakin Inna, mahaifiyarsu. Farantai arba'in da uku ne a dase a bangonsa.

Lawwali ya yi irin kuskuren da ɗan gida kaɗai ke yi. A idonsa babu ɗaki mai kyau kamar na uwarsa, sai ya ɗauka dushewa ce kawai ke korar masu saye. Ya sayo koren fenti mai mai, ya sa aka mulke bangon, aka zagaye kowane faranti da ruwan azurfa. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Matar wani mai saye ta leƙa, ta kama baki, ta ce wa mijinta, "Wanga ɗaki na ko shagon 'yan tangaran?" Ba su ko duba sauran ɗakunan ba.

Shekara biyu gida yana kulle. Sai wani ɗan kasuwa ya ce zai saya ya rushe ya gina shaguna. Lawwali ya gaji, ya amince. Fatimatu ta rantse ba za ta sa hannu ba, kuma ba ta yarda a taɓa bangon ba. Magana ta yi tsami har 'yan'uwan suka daina gaisawa. Sallah ta zo ta wuce, babu wanda ya taka gidan wani. Abin da ya rage shi ne gaban alƙali, kuma kowa ya san zumuncin da ya shiga kotu da wuya ya fito da ƙafafunsa.

A nan ne dillalin gidan ya kira Malam Arzika. Yana shiga ɗakin ya tsaya cak, abin da ba a saba gani ba. Aikinsa ne. Ya shafa bangon, ya ji koren fentin nan a tafin hannunsa, ransa ya sosu ƙwarai. Sai ya fita ya nufi gidan Fatimatu.

"Ɗiyata," in ji shi, "ni na dasa farantan nan. Innarki tana tsaye tana miƙo mani ɗaya-ɗaya, tana hwaɗa mani wanda ya ba ta kowane."

Fatimatu ta fashe da kuka. "Baba, to ka gani? Shi na Lawwali ka so a tura ma motar rusau ta niƙe."

"In kin bar su a bango, mota za ta niƙe su ko ba yau ba. Bangon na sayarwa na, farantan naku na. Ki bar ni in hidda su da ransu."

"Za su hita ba su hwashe ba?"

"Wanda ya sa, shi ya san inda ya sa. Amma da sharaɗi. Ba ni son lebura. Mutum biyu nika so, ɗaya ya riƙe mani tsani, ɗaya ya karɓi faranti. Ke da yayanki."

Haka ya je ya faɗa wa Lawwali, bai ƙara ko kalma ba. Ranar farko suka zo kowa ya ɗaure fuska, Lawwali yana kallon gabas, Fatimatu tana kallon yamma. Malam Arzika ya yi kamar bai gani ba. Lokacin likita bai riga ya hana shi ba, sai ya hau tsani da ƙaramin cizal da ƙusa, yana sassaƙe siminti a gefen faranti a hankali. Mutumin da ba ya iya jiran tuwo ya huce, sai ga shi yana ɓata awa biyu a kan faranti ɗaya, gumi na zuba. A rana ta uku tsanin ya ɗan goce, Fatimatu ta yi ihu, "Yaya, riƙe da kyau!" Wannan ce maganarta ta farko da shi a wata goma sha ɗaya.

Kwana tara aka yi. Faranti ɗaya ya tsage a rana ta shida, Malam Arzika ya sauko yana faɗa da kansa, har sai da Lawwali ya ba shi haƙuri. Sauran arba'in da biyu suka fito lafiya. Fatimatu ta wanke su, ta zauna a tsakar gida tana raba su, tana turawa gaban yayanta tana cewa wannan na ɗiyarsa Sadiya ne idan ta tashi aure. Malam Arzika kuwa bai tsaya kallo ba, ya koma ciki ya kankare fentin, ya shafe zanen da ya yi da hannunsa, ya yi filasta sumul. Kafin wata biyu wani malamin makaranta ya sayi gidan, ya tare da iyalinsa. Ba a je kotu ba.

Sai daga baya na gane abin da aikin ya ci masa. Wannan ɗakin shi ne na ƙarshe a Gusau da ke ɗauke da adonsa. Sauran duk an shafe, akasari da hannunsa. Na tambaye shi ko abin bai yi masa ciwo ba. Ya daina zagayen da yake yi, ya ce, "Ya yi ciwo mana. Na yi kwana biyu ba ni son magana. Amma gida don mutane anka gina shi, ba don magini ba."

Malam Arzika, kai ne magini mai hannu biyu, wanda ya gina ya kuma iya rushewa. Kai ne ka share sunanka daga bango don 'yan'uwa biyu su ci gaba da gaisawa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya kuma ba ka haƙurin zama, ko da yake na san wannan addu'ar sai an dage.

Ku kuma masu sana'a, da masu gidan da ya ƙi sayuwa, ku duba wannan dattijo. Yau babu bango ɗaya a Gusau da za a nuna a ce aikin Arzika ne. Amma duk Juma'a Lawwali yana cin abincin rana a gidan ƙanwarsa.