Yadda Aka Mayar Da Mahaifina Ɓarawon Shanu A Littafin Waya

Ni ba mai dogon karatu ba ne, daga firamare na ajiye. Lokacin da abin nan ya same ni ina acaɓa tsakanin Kwanar Dangora da Kafin Maiyaki, da damina in koma gonar da marigayi Baba ya bar mana. Baki ne da ni. In na ɗauki fasinja ba ya sauka sai ya ji labari.

A haka na ɗauki wani mai tabarau da jaka a kafaɗa. Ya ce shi marubuci ne, a da har kasuwa ake kai littattafansa, amma yanzu takarda ta yi tsada, masu shagon sun koma sayar da caja. Don haka a waya yake sakin labari shafi-shafi ga masu biya, wata mata kuma ta karanta da murya a ɗora a intanet. Sai na ba shi labarin da na fi alfahari da shi. Shekarar da ɓarayin shanu suka fito daga dajin Doguwa suna bin rugage, Baba ya kora garken Arɗon rugar da ke kusa da mu cikin gonar rakenmu, ya bari suka tattake ta. Ya tsaya a bakin hanya da ƙafarsa da garma ta lalata, ya ce wa ɓarayin bai ga ko maraƙi ba. Tun daga nan duk kaka Arɗo yake kawo shanunsa su kwana a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Ba a aike, ba a sa rana, shanu kawai za ka gani.

Mutumin ya karɓi lambata, ya ce in riƙa turo masa da murya, alherin Baba zai zaga duniya. Na yi ta turawa. Kuma yadda muke labari a majalisa, komai sai na faɗi alamarsa: ɗingishin Baba, tsamiyar bakin gonar, farin bijimin Arɗo mai karyayyen ƙaho.

Ban san labarin ya fita ba sai wata ranar kasuwa, a shagon mai caji, na ji muryar mace tana karantawa, mutane sun taru. Ga gurgu, ga tsamiya, ga bijimi. Sai dai a nan gurgun ne yake kai wa ɓarayi rahoto, shanun ma ya ɓoye su ne don ya sayar. Ba a ambaci suna ba, amma da na shigo kowa ya sunkuyar da kai. Na tura wa marubucin magana mai zafi. Ya maido min da murya yana dariya, wai in kwantar da hankali, ya san tsohon mutumin kirki ne, amma masu karatu ba sa biya su ji mutumin kirki, sai da maci amana labari yake tafiya.

A kakar nan shanu ba su zo ba. Arɗo ya tsufa yana kwance, 'ya'yansa ke riƙe da garke, su ma kuma suna da waya. Na je rugar, babban ɗan ya shimfiɗa min tabarma, ya ba ni nono. Da na fara bayani sai ya ce, "Ɗan'uwa, mu ba mu ce komai ba. Amma wa ya san zancen bijimin nan in ba ɗan gida ba?"

Na dawo da niyyar in nemo mutumin in karya masa ƙafa, ya san abin da ake kira ɗingishi. Sai na tuna muryarsa tana cikin wayata. Na haɗa ta da duk abin da na tura masa, na bi masu caji daga Ƙofa har Tudun Wada, na ce su zuba wa kowa a memori kyauta. Duk fasinjan da ya hau bayana sai ya saurara. Abin ya kai guruf ɗin da yake sakin labarin, masu biya suka watse, mai karanta masa ma ta janye. Ya kira ni yana haɗa ni da Allah da Annabi, wai abincinsa ke nan, in yafe masa. Na ce, "Ba ni ka yi wa ba. Je ka maƙabarta ka roƙi gurgun."

Na ji daɗin kukansa, ba zan ɓoye ba. Amma Arɗo ya rasu kafin muryar ta isa rugarsa, kuma ban san da wane Baba ya tafi a ransa ba, na gaskiyar ko na littafin. 'Ya'yan sun ji, muna gaisawa, sai dai shanun sun saba da wata gonar.

Ku masu bakin labari irina, in wani ya ce ku turo masa, ku sani ba majalisa ba ce, inda in ka yi ƙarya tsoho zai tsawata. Kada ku ba shi mamacinku da alamarsa. Ni dai ban yafe ba. Karan bana yana nan tsaye a gona, na hana kowa yanka.