Gwangwani na Bakwai

Damina goma sha tara ke nan da muka binne Baba a Badafi, cikin ƙasar Kiru. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, ni a aji huɗu na tsaya.

Mutanen Kiru da noman dawa suka san shi. Kaɗan ne ke tuna cewa darakta ne a sashen fim na gwamnati a Kaduna, zamanin majigi. Oga ya miƙo takarda ya ce a yi fim kan takin zamani ko rigakafin shanu, Baba ya kwashi ma'aikata ya je ya yi. Ko sunansa ba a sawa. Da aka rufe wurin, ya dawo gida da gwangwanaye bakwai.

Shida tsofaffin finafinai ne. Na bakwai an naɗe bakinsa da baƙin tef. A cikinsa akwai ragowar fim ɗin da Baba ya ɗauki Innarmu da shi tana sussuka, kafin ta rasu ina shekara uku. Ba ta da wani hoto a duniya. A Ingila ake wanke irinsa, shi kuwa bai samu hanya ba. Ya dai hana a taɓa.

Ranar rabon gado ƙanensa, Baffa Haladu, ya ce, "Ba a raba abu a rufe. Kai ne babba, buɗe."

Na ce, "Baffa, Baba ya hana."

"Baban naka yana ina yanzu?"

Na sa wuƙa, a tsakar gida, da azahar. Na jawo fim ɗin na ɗaga wa rana ina neman fuskarta. Ba komai. Muka warware shi har ƙarshe, Baffa yana cewa ai dama tsohon ya rikice.

Bayan shekara biyu wani dattijo da suka yi aiki tare da Baba ya zo gaisuwa. Na ba shi labari. Ya ce fim ɗin da ba a wanke ba, haske na taɓa shi ya mutu. "Tana ciki, ɗana, har lokacin da ka buɗe."

Ban yi kuka ba. Na raka shi bakin titi, na wuce gona.

Yau 'ya'yana har akuya suke ɗauka da waya, su goge, su sake. Ban san me Baba zai ce ba. Wataƙila ya tambayi ina ake wankewa.

Finafinan shida sun narke, sai warin tsami. Aikin gwamnatin ya tafi ke nan. Abin da na sani, shekara talatin mutumin nan ya riƙe matarsa a duhu, bai leƙa ba. Idan yara suka tambayi kamannin kakarsu, sai in ce doguwa ce. Haka ya gaya mini.