Filon da Ba Nawa Ba

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma akwai yini guda a wani asibiti a Kafanchan da na san da shi za a sa ni a kabari. A farkon shekarun casa'in ne, lokacin jirgin ƙasa bai daina wucewa ta garin ba.

Daga ƙauyenmu kusa da Fadan Kagoma aka kawo ni a bayan motar ɗaukar citta, bayan na kwana biyu ina naƙuda. Aka yi mini tiyata. Da na farfaɗo, uwar mijina ce zaune a gefen gado, hannunta babu komai. Ban tambaya ba. Can ta ce, "'Yata, ruwa ne ya zube, tulu bai fashe ba. Kada ki yi kuka." A gidanmu ba a kukan jaririn da bai yi kuka ba; ana cewa hawayen uwa yana tare wa na baya hanya. Namiji ne. An binne shi kafin in buɗe ido.

Na yi biyayya. Ga kuma tsoro, domin na ɗauka in na yi tari ko kuka, ɗinkin zai ɓalle. Sai na riƙa jan numfashi kaɗan-kaɗan, jikina a sandare. Allurar kashe zafi ta ƙare a kwana na biyu. A na uku zazzaɓi ya shigo, ƙirjina ya cika. Nas ta tsaya a kaina ta ce, "Madam, in ba ki yi tari kin tashi kin taka ba, ƙirjin nan ne zai kashe ki, ba cikin ba." Na juya fuska ga bango. A lokacin ban ga abin da zan tashi in tarar ba.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata 'yar ƙabilar Ibo, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Ita ma tiyata aka yi mata, ta sami mace. Gaisuwa kawai ta taɓa haɗa mu. Da safiyar ranar na ga an ja labule tsakaninmu, na ɗauka wanka ake yi mata.

Da rana ta take, uwar mijina ta fita neman ruwan zafi. Ɗakin ya yi tsit. Kwanon rufi yana ƙas-ƙas saboda zafi, amma ko jariri ɗaya bai motsa ba. Sai na ji muryar maƙwabciyar tawa daga bayan labulen, da Hausarta wadda mace da namiji duk "ka" ne.

"'Yar'uwa, kana barci?"

"A'a."

"Na sani. Tun jiya kana numfashi kamar kaza da aka riƙe wa wuya. Ɗauki filo ɗin nan."

Na duba, ga filo a gefena, farin rufi da jajayen furanni na ɗinkin hannu. Ni ban zo da filo ba, zani na naɗe nake ta da kai. Da na taɓa shi, sanyi ƙalau kamar gindin randa.

"Sa a kan ciwon. Danna da hannu biyu, ba zai cije ka ba. Lanƙwasa gwiwa. Yanzu ja iska ta hanci, kamar kana shinshina miya. Sake ta baki, kamar kana hura kunu."

Na yi. A daidai nan jirgi ya yi kuka daga tasha. Ta ce, "Ka ji? Maigidana ya ce jirgi ba ya tashi da gudu. Bi shi a hankali." Na bi ƙarar ƙafafunsa da numfashina har ya yi nisa. Ta fara wata waƙar sujada a maƙogwaro, ba kalmomi. Abin da har yau yake tayar mini da tsikar jiki shi ne, labulen bai motsa ba ko kaɗan, gadonta bai yi ƙara ba, kuma waƙar kamar daga cikin filon take shiga cikina. Kafaɗuna suka sauka. Zafin yana nan, amma ya koma wuri ɗaya, ya bar sauran jikin.

"Yi tari."

Na danna filon na yi. Babu abin da ya ɓalle.

"To, yi kukanka."

Na ce, "An hana ni."

"Wa ya hana? Shi ya ɗauki cikin wata tara? Filo zai riƙe ɗinki. Kai yi kuka."

Na rungume shi na yi kukan ɗana har barci ya ɗauke ni.

Da la'asar na farka jiƙe da gumi, kaina ya yi sauƙi. Na mirgina ta gefe, na sauko da ƙafa, filon manne a cikina. Taku uku ne zuwa labulen. Na ja shi don in ce na gode. An naɗe katifar, sai ƙarfen gado.

Matar da ke share ɗakin ta ajiye tsintsiya ta ce, "Sannu. Ai tun da asuba ta cika, jini ne bai tsaya ba. Ni na ajiye miki filon, na ga ba ki da shi."

Da na ba uwar mijina labari, ta ce zazzaɓi ne ya yi mini magana. Ban yi mata musu ba.

Washegari mijin marigayiyar ya zo kwashe kaya, ƙanwarsa riƙe da jaririyar. Na miƙa masa filon. Ya daɗe yana kallon furannin, sannan ya ce, "Ita ta ɗinka. Wannan ne yanka na uku, kullum da shi take tari. Haka take koya wa mata a coci. Riƙe, madam." Ban taɓa gaya masa abin da na ji ba.

Na haifi biyu bayan wannan. Hawayena bai tare wa kowa hanya ba. Ban san wa ya yi mini magana ran nan ba, kuma na daina tambaya. Abin da na koya shi ne, ciwon da aka hana shi fita, ciki yake komawa ya ci mai shi. Shi ya sa duk macen da aka yi wa tiyata a zumuntarmu ta matan coci, ba na zuwa mata da "yi haƙuri" kawai. Nakan sa mata filo a ciki, in ɗora hannuna a kan nata, in ce ta ja numfashi. In kuka ne ya zo, sai in ƙara dannawa.