Rowar Tsokana

Wautata tana da yawa, amma babbarta ita ce lokacin da na ɗauki bakina kamar sa a kara, wato kasuwar shanu, wai in riƙe shi sai ya yi tsada. Boko aji biyu na yi aka sallamo ni. Tsokana kaɗai na sauke.

Ina da taubashi, ɗan gwaggota, masunci. Kullum in na biyo ta gindin gada sai in ce, "Bawana, yau ma kwaɗi ka kamo?"

Shi kuma ya ce, "Naka rabon ke nan, ubangidan da ko akuya ba shi da ita."

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, jam'iyya ta raba mu. Wallahi ban ɗauki abin a bakin komai ba. Abin da ya dame ni, kowa ya koma zancen zaɓe, in na saki wasa a teburin mai shayi sai a ce, "Kai dai ba ka gajiya." To, na ga yadda dillalan shanu ke yi ranar Juma'a, sai na kulle bakina.

Abin kuwa ya ci. Aka fara tambaya ko lafiya. Mai shayi ya riƙa ƙara min madara. Har daga garin Achika aka zo roƙona in je taro in yi wa 'yan adawa shaƙiyanci, na ce sai na duba. Kaina ya kumbura.

Taubashin nawa ma ban raga masa ba. In na zo wucewa sai in ce, "Barka da aiki." Ya ce, "Barka kadai," ya sunkuya kan komarsa. Ni a zatona kewa ce ke cin sa. Gwaggo ta kira ni ta ce, "Siyasar nan ta raba wa da ƙani a unguwar nan, kada ka shigo min da ita gida." Na fito ina dariya a ciki.

Da damina ciwo ya kwantar da shi. Na je dubiya da tsokanata a shirye, amma da na ga yadda ya rame, sai harshena ya ƙi. Na durƙusa na ce, "Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya yi tambayar da har yau ban amsa ba.

"Ubangida, jam'iyyar ce har yanzu, ko mutuwa ka gani a fuskata?"