Adda, Dakata, Ana Sallama

Zulaihatu mai kitso ta bayan babbar kasuwar Jimeta ba ta taɓa karanta littafin labari da idonta ba, amma duk rumfunan layin babu wanda ya fi ta sanin littattafan soyayya, babu kuma wanda ya fi ta zaginsu. Haifaffiyar Wuro Hausa ce, ta yi makaranta, ta iya karatu sarai. Matsalar ita ce mai kitso ba ta da hannu ba ta da ido, duk suna kan wata. Saboda haka ƙanwarta Khadijah, da ke aure a Vinikilang can tsallaken gada, ita ke karanta mata. Takan ɗauki muryarta a waya, babi babi, ta turo mata. Zulaihatu ta soka abin ji a kunne, tana tsaga tana mita.

Kuma mita ce ta gaske. Labarin attajirin da ke tsanar yarinya a farko ya mace a kanta a ƙarshe, ta ce ta ƙoshi da shi har wuya. Jarumar da ke suma da an daka mata tsawa kuwa, cewa take a kawo ta rumfa ta wuni a tsaye ta ga yadda ake suma. Na aljanu ne ke tafiya da imaninta. In labari ya yi zafi, kan da ke hannunta ne ke shan wuya, har Keturah, malamar firamare da ke zuwa kitso duk ƙarshen wata, takan tambaya tun kafin ta zauna ko yau jarumin yana lafiya.

Na ƙarshe da suka ɗauko labarin wata budurwa ne da yariman aljanun ruwa ya sauka da ita ƙarƙashin kogi ya aure ta. Sharaɗinsa ɗaya: ranar da ta amsa kiran wani daga bakin gaɓa, za ta koma gida ta manta da shi. Yayarta kuwa kullum tana bakin ruwa tana ƙwala mata kira. Zulaihatu ta tsani yayar nan. "Uwar shisshigi!" in ji ta. "Yarinya ta samu hutu, ki bar ta mana. Me za ta dawo yi?"

Babin da budurwar ta ji kiran ya kai mata har cikin gado, Khadijah ba ta turo shi ba. Mijinta Usaid ne ya same shi a wayarta bayan sadakar bakwai ya turo. Tana da tsohon ciki da hawan jini, ta tashi amsa sallamar maƙwabciya, ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa. Ko asibiti ba a kai da ita ba.

A cikin muryar, tana karatu tana haki kaɗan. Budurwa ta buɗe baki ke nan, sai Khadijah ta ce, "Adda, dakata, ana sallama. Yanzu zan dawo." Takalmi ya ja ƙasa. Wayar ta ci gaba da ɗauka: fanka tana juyi, kaza tana kiran 'ya'yanta, wani keke napep ya wuce da hon. Can gaba akwai salatin mata. Sau ɗaya Zulaihatu ta ji shi, tun daga nan ta san daidai inda za ta tsayar, bayan hon ɗin, ta mayar baya.

Yau shekara ta zagayo, ba ta ƙara ɗaukar wani littafi ba. Ba ta zagin kowa. Masu zuwa kitso sun ce hannunta ya yi sanyi, su dai kawunansu sun huta, amma rumfar ta yi shiru mai ban tsoro. Yayar nan ta bakin kogi da ta sha zagi, yanzu ita take tausayi, har takan ji haushin kanta. Son sanin ko budurwar ta amsa yana cin ta ƙwarai, ba ta ɓoye wa kowa.

Keturah ce ta kasa jurewa. Ta nemo littafin ta karance shi, ta zo ta zauna.

"Adda Zulai, na san yadda ya ƙare fa. Yarinyan nan, ki bari in gaya miki, ki huta."

Tsinken tsaga ya tsaya a tsakiyar kanta. Keturah ta ji numfashin Zulaihatu a ƙeya.

"Ta amsa?" Kafin Keturah ta buɗe baki ta dafe mata kafaɗa. "A'a. Bari, malama. Ta ce in dakata."

Ta mayar da abin ji kunne, ta danna. Fanka ta soma juyi.