Kujera ta Bakwai

A Jidda aka haife ni, kuma har na girma ban taɓa wuce Ɗa'if ba. Saboda haka ran da Madam, wadda nake kula mata da yara huɗu, ta ce da ni za a je Turai hutu, sai da na yi tsalle a kicin. Mijinta ne kafilina, wato mai tsaya mini a takardun zama, shi ya kai fasfona, biza ta fito. A unguwarmu Waziriyya kuwa Umma ta gaya wa kaf layinmu, har mai gasa burodi.

Sai rigimar banza ta taso. Za a sauka Faris, a wuce Burasel, sannan Amsterdam. To, da me? Madam ta ce jirgin sama, ita ba mai tsayuwa a tasha ba ce. Maigidan ya ce mota zai ɗauka haya, mutumin da daga Sharafiyya zuwa Balad, nan cikin Jidda, sai ya zagi direba uku. Sati guda suna abu ɗaya, ni ina goge tebur ina ji. Ƙarshe aka miƙo mini waya, wai ni mai sakandare in duba musu.

Na duba, kuma ba wani abu mai wuya ba ne.

"Jirgin ƙasa," na ce. "Tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Kafin a gama binciken kayanku a filin jirgi, mun isa. Mota kuwa, ya ammi, ina za ka ajiye ta? Titunansu lungu ne."

"To akwatuna tara fa?" in ji Madam. "Wa zai hau da su, ya sauko da su? Can ba 'yan dako."

Ta kalle ni. Shi ma ya kalle ni.

"Ba dai ni ba," na ce. "Yara aka ce in riƙe, kuma hannu biyu Allah ya ba ni. Mai takalmi ashirin ta ɗauki abinta."

Maigidan ya karɓe wayar.

"Halas, an gama. Mota."

Motar mai kujera bakwai ce. Su shida ne, ni ta bakwai. Bayan kwana biyu Madam ta nuna mini hoton motar tana murmushi: kujerar baya ninke ta ake yi in kaya sun yi yawa. Wai har ta rage akwatunan zuwa biyar, amma duk da haka ba wuri. "Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya binti. Kyanwar gidan nan ma tana buƙatar mai zama da ita."

Na koma gida ina huci. Umma ko ɗagowa ba ta yi daga shinkafar da take tsincewa ba.

"Ki ce to, ki je ki ga duniya, ya gagare ki? Ni yanzu me zan ce wa mutanen layi?"

"Ki ce musu akwati ya fi 'yarki daraja."

"Bakinki ne ya fi ki. Yalla, wuce ki ba ni wuri."

Suka tafi. Kullum in hau mota daga Waziriyya in je in zuba wa kyanwar nan abinci, tana harara ta ina hararar ta. Bizar tana cikin fasfo tana cin kwanakinta.

Kwana na biyar, bayan azahar, waya ta yi ƙara. Madam ce daga Burasel. Ina jin ƙaramin yana tsala ihu, maigidan yana zagin wani da Larabci. Sun daɗe suna zagaye otal, ba wurin ajiye mota, wai in duba musu da sauri.

"Ki tambayi wanda ke zaune a kujerata," na ce.

Na kashe, na wanke kwanon kyanwar.