Kofur Mai Zane da Taku Ɗari Uku da Arba'in

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayi Kofur Mai Zane a shekarar 1953, a wani gari na bakin kogi, mahaifinsa kafinta, mahaifiyarsa kuma mai saƙar tabarma. Ya shiga firamare a 1960, daga bisani ya wuce makarantar koyon sana'a, inda ya ƙware a zanen gini da taswira. Malamansa sun shaide shi da kaifin ido, sun kuma shaide shi da rashin zama wuri ɗaya, kamar mai kiyashi a wando.

Aikin Soja

Da yaƙi ya ɓarke a 1975 ya shiga soja, aka ɗora masa alhakin zana taswirar hanyoyi da gadoji. A can ya ƙulla aminci da direban motarsu, wanda ya baro matarsa da goyon 'ya mace. A watan Maris na 1977 aka yi musu kwanton ɓauna, direban ya cika nan take, shi kuma harsashi ya same shi a cinya. Da jan ƙafa ya taya binne amininsa a wani fako, sannan ya yi abin da ya iya: ya ƙirga taku ɗari uku da arba'in daga gindin wata tsamiya zuwa kabarin, ya zana a bayan katinsa na shaida. Mutum biyun da suka yi haƙa tare da shi ba su ga ƙarshen yaƙin ba.

Aiki da Iyali

Bayan sallamarsa a 1979 ya kama aiki a ofishin safiyo, fensir a bayan kunne, ya kuma yi aure a 1980. Da matar direban ta rasu a 1982, ya ɗauko 'yar ya riƙe, ya yi mata alkawarin zai nuna mata inda mahaifinta yake kwance.

Ya fara komawa fakon a 1984, ya tarar an sare tsamiyar, ga kututture har uku. Abin da ya fi cin ransa shi ne, sai a lokacin ya tuna cewa takun da ya ƙirga takun gurgu ne, kuma ƙafar ta riga ta warke. Daga nan bai sake samun sukuni ba. Duk hutun shekara sai ya saɓa igiyar awo ya tafi, a gida kuwa yakan yi ta ɗingishin ƙarya daga ƙofa zuwa bango yana gwadawa. Maiɗakinsa takan ce, “Malam, mutane na neman lafiyar ƙafa, kai kana neman gurguntaka.”

Barin Aiki

A 1998 aka yanke shawarar yanka yankin fakon filaye, zanen kuma ya faɗo a kan teburinsa. Ya kammala aikin tsaf, amma ya bar fili shida a tsakiya babu lamba. Da shugaban ofis ya nemi dalili, ya ce, “Ranka ya daɗe, akwai mai shi a ciki, ban dai san ta ina yake kwance ba.” Aka miƙa zanen ga wani ma'aikaci ya cike, shi kuwa ya ajiye aiki a watan.

Shekarun Ƙarshe

Ko bayan da gidaje suka rufe fakon bai daina zuwa ba. Yakan bi layi-layi yana ƙirge a ƙasan murya, har mazauna unguwar suka ɗauka taɓin hankali ne. Yarinyar ta girma, ya aurar da ita, ta hayayyafa, amma ba ta taɓa zuwa gaishe shi ba face ya sunkuyar da kai ya nemi afuwarta, duk da ta sha roƙonsa ya bar zancen.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar 9 ga Yuni, 2019, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da shida, aka kai shi makwancinsa da la'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: babbansu malamin makaranta ne, mai bi masa ma'aikaciyar jinya, sai tagwaye makanikai, sai auta mai ɗinki. Ta shida ita ce 'yar direba, wadda wata maƙwabciya ta jajanta mata cewa ga shi ya tafi bai nuna mata kabarin mahaifinta ba. Ta share hawaye ta ce, “Inna, ai na san inda ubana yake kwance. Ɗazu ƙannena suka dawo daga kai shi.”